Idan Man Ido Ya Yi Barci

Kiran sallar farko ne ke tayar da ni, amma shekara uku ke nan ba na buɗe ido da zarar na farka. Sai in yi lamo, in laluba ƙarƙashin filo in ɗauko 'yar kwalbar maganin ɗigawa, in ja fatar idon ƙasa a hankali, in ɗiga a kusurwa, in jira ya ratsa. Wata asuba ta watan Janairu ce ta koya min haka. Na buɗe ido farat ɗaya, sai na ji kamar an tsaga min shi da reza. Hawaye ya yi ta zuba har hantsi, ko hasken taga ban iya kallo ba. Daga baya likita ta yi min bayani: cikin dare fatar idon ta manne da ƙwayar saboda bushewa, da na buɗe da ƙarfi sai ta ɗaye siririn tantanin da ke saman baƙin ido.

Da na je gaida Goggo na faɗa mata sunan ciwon, wato bushewar ido, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kai ɗan nan, ido na zuba kamar famfo, ka ce min wai ya bushe?" Tambayarta tana kan hanya, kuma amsarta ce mabuɗin lamarin duka.

Hawaye iri biyu ne. Akwai na kuka da na yankan albasa, mai zuwa da yawa ya gangaro kumatu. Akwai kuma wanda ba mu san da shi ba, wani siririn danshi da ke shimfiɗe a kan ido dare da rana. Shi ne ke ciyar da gilashin da ya rufe baƙin ido, domin wannan gilashi ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Ta cikin hawaye yake shaƙar iska. Danshin kuma yana ɗauke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, wanda Alexander Fleming ya gano a majina da hawaye a farkon shekarun 1920, tun kafin ya gano fenisilin. Idan wannan danshi ya tsage, jijiyoyin ji da suka yi cincirindo a wurin sai su kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saki hawayen kuka. Amma wannan ruwa ne tsagwaronsa, ba ya zama, zuba yake ya wuce ya bar idon yadda ya same shi.

Danshin da ke zama hawa uku ne. A ƙasa akwai yauƙi mai manna shi da ido, a tsakiya ruwa, a sama kuma mai. Duk matar da ta taɓa dafa miyar da ta ji manja ta san aikin man nan: tukunya na nan da zafinta, amma ba ka ganin tururi, domin man da ya taso sama ya rufe ruwan. Haka man ido yake hana hawaye bin iska. Yana fitowa ne daga wasu 'yan jakunkuna da ke jere a cikin fatar ido, kimanin 30 a ta sama, 25 a ta ƙasa, bakinsu yana buɗewa a gefen fatar, bayan gashin ido kaɗan. Wani likita Bajamushe, Heinrich Meibom, ya yi bayaninsu a 1666, shi ya sa suke amsa sunansa. Duk ƙiftawa ɗaya tana matso ɗan mai ta shafe ido da shi.

A wurin mafi yawan masu wannan ciwo, ruwa bai ƙare ba, man ne ya yi barci. Yadda man shanu ke daskarewa a kwano da sanyin hunturu, haka yake yin kauri ya toshe bakin jakunkunan. Shi ya sa mai bushewar ido zai yi ta wanke fuska, ya yi ta watsa ruwa a ido, ya ji sanyi na minti biyu, sannan raɗaɗin ya dawo fiye da da. Ya wanke ɗan man da ya rage ne.

To me ya sa dare ya fi tsanani? Da farko, jiki na rage samar da hawaye sosai idan barci ya ɗauke mutum, ƙiftawa kuma ta tsaya cak. Kariyar da ta rage wa ido ita ce murfinsa kaɗai, kuma ba na kowa ke rufuwa ruf ba. Wasu barcin zomo suke yi ba su sani ba: 'yar tsaga kamar kaurin farce tana nan a buɗe, iska na kaɗa wuri ɗaya awa shida ko bakwai. Wannan ba ya bukatar na'ura kafin a gano shi. Ka roƙi matarka, ko ke mijinki, ko wani ɗan ɗakinku, ya haska da tocila daga gefe bayan barci ya yi nisa, ya duba ko farin ido na leƙowa. Wanda gefen fuskarsa ya taɓa shanyewa, da wanda ciwon maƙoƙo ya turo masa idanu waje, da wanda kuturta ta taɓa jijiyar fuskarsa, su ne suka fi shiga wannan hali.

Na biyu, yawancinmu da busasshen ido muke shiga barci tun farko. Mutum na ƙiftawa sau 15 zuwa 20 a minti, amma idan ya ƙura wa waya ido adadin kan ragu da fiye da rabi, kuma wadda yake yi ɗin ma rabin ƙiftawa ce, fatar sama ba ta taɓa ta ƙasa ba, balle ta matso mai. Ka dubi yadda muke kwanciya rigingine, waya a saman fuska, ido a ware, fanka na kaɗawa daidai kanmu, har ƙarfe ɗaya na dare.

Sai kuma ƙasarmu da yanayinta. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, laimar iska a Kano ko Damagaram ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya ba za ta ƙyale ido ba. Mu kuma sai mu ƙara mata da turaren wuta, da maganin sauro mai hayaƙi, a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Da bazara ta shigo sai fanka da na'urar sanyaya ɗaki su karɓi aikin.

Abin da ya fi yi min amfani cikin duk abin da na gwada shi ne wanda ba a saye: gashi da ruwan ɗumi. Bayan isha'i sai in tsiyayi ruwa daga filas in sirka, in gwada a bayan hannu, ɗumin da jariri zai iya wanka da shi. In tsoma tawul mai tsabta, in matse, in ɗora kan idanu a rufe. Tawul na hucewa cikin minti ɗaya ko biyu, don haka sai an yi ta sake tsomawa har minti 5 zuwa 10 su cika. A nan mutane ke faɗuwa, su ɗora sau ɗaya su ce sun yi. Idan mai ya narke sai a matso shi: a shafa fatar sama da yatsa daga gira zuwa gashin ido, ta ƙasa kuma daga kumatu zuwa sama, a hankali, ba tare da danna ƙwayar ido ba. Daga nan a goge gefen fatar da jiƙaƙƙiyar auduga. Ba aikin kwana uku ba ne. Ni sai da na kusa wata guda kafin na fara tashi ba yashi a ido, kuma duk makon da na yi sakaci yashin na dawowa.

Masu sa kwalli su lura cewa layin da ake ja shi a kai shi ne daidai bakin jakunkunan nan. Ba na cewa kowa ya bar adonsa, amma wanda nasa suka toshe ya kamata ya ba su hutu, ko ya goge tas kafin kwanciya. Gwaje-gwaje sun kuma nuna cewa da yawa daga kwallin dutse da ake sayarwa na ɗauke da dalma, don haka idon jariri ba wurinsa ba ne.

Bayan gashi sai abin da zai kwana a ido. Ɗigo mai ruwa-ruwa na rana ne, ba ya kai mutum tsakar dare. Na dare shi ne mai kauri: ko jel, ko man shafawa na ido da ke zuwa a ƙaramin bututu. Ana matsa kamar tsawon ƙwayar shinkafa a cikin fatar ƙasa, a rufe ido, a juya ƙwayar. Gani zai dushe, saboda haka shi ne aikin ƙarshe, bayan an kashe waya an yi addu'ar barci. Man da aka yi don ido nake nufi, ba basilin na shafa jiki ba, ba zuma ba, ba nonon mai shayarwa ba. Wanda yake ɗigawa fiye da sau 4 a rana ya nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin wanda aka fi sawa, benzalkoniyom, shi kansa yana cin saman ido idan ya yi yawa. Ya fi tsada, wannan gaskiya ne, kuma ba kowane kyamis ke ajiye shi ba. Kwalbar da aka buɗe kuma, galibi mako 4 ne wa'adinta.

Ɗaki ma sai an gyara shi. A juya fanka ta kalli ƙafafu ko bango, idan ta sama ce a matsar da katifa daga ƙarƙashinta. A kunna maganin sauro tun da magariba, hayaƙin ya fita kafin a shiga, a kwana cikin gidan sauro. Wanda ba shi da na'urar ƙara laima zai iya shanya jiƙaƙƙen zane kusa da gado. Taimakonsa kaɗan ne, amma da hunturu kaɗan ɗin ma ana jin sa. Mai barcin zomo kuma yana bukatar abin rufe ido mai laushi, ko tabarau na musamman mai riƙe danshi, ko filastar takarda da likita zai nuna masa yadda ake manna ta.

Akwai abin da ke tayar min da hankali fiye da ciwon kansa. Mutum zai shiga kyamis ya ce, "A ba ni maganin jan ido," a miƙo masa kwalbar da ke ɗauke da sitiroyid, irin su dekzametason ko betametason. Cikin kwana biyu ido ya yi fari tas, raɗaɗi ya tafi, sai ya riƙe sunan maganin, har ya riƙa yi wa maƙwabta kwatancensa. Watanni na tafiya, maganin na iya ɗaga matsin ruwan cikin ido a ɓoye har ya zama hawan jinin ido, ganin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa. Yana kuma kawo yanar ido. Likitoci na ba da shi, amma na ɗan lokaci, suna auna matsin idon. Shi kuwa kuloramfenikol da ake ɗiga wa kowane jan ido da sunan apolo, na kashe ƙwayar cuta ne, ba ruwansa da bushewa. A gefe guda, wasu ƙwayoyin da muke sha suna ƙara busar da ido, musamman kilofeniramin na mura wanda aka fi sani da Piriton, da amitiriftilin, da magungunan hawan jini masu sa fitsari. Ba a daina maganin likita da ka, amma a gaya masa. Ƙwayoyin man kifi da ake tallatawa kuma, wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2018, kan mutum fiye da 500 na tsawon shekara guda, bai ga sun fi man zaitun da aka gwada su da shi ba.

Wani lokaci ido ɗan aike ne kawai. Matar da idonta ya bushe, bakinta ma ya bushe har ba ta iya haɗiye burodi sai da ruwa, ga ciwon gaɓɓai, tana iya ɗauke da cutar da likitan ido ɗan Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana a 1933, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa matsatsar hawaye da ta yawu. Tara cikin goma na masu ita mata ne. Ciwon suga, da ɗaukewar al'ada, da tabon amosanin ido da ya daɗe yana addabar ƙauyukanmu, duk suna kawo bushewa. A yara kuwa magana ta sha bamban. Yaron da ya fara dundumi, farin idonsa ya yi yamutsa-yamutsa, musamman bayan ƙyanda ko doguwar gudawa, ƙarancin bitamin A ne ake tsoro, kuma yana iya cinye baƙin idon cikin 'yan kwanaki. Wannan na asibiti ne nan take, zogale da manja da hanta su biyo baya.

Gwajin da ake yi a asibitin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko sashen ido na asibitocin koyarwa, ba mai ban tsoro ba ne. Ana saƙala 'yar siririyar takarda a fatar ƙasa na minti 5. Idan jiƙon bai kai milimita 5 ba, ruwan ya yi ƙaranci ƙwarai. Ana kuma ɗiga rini mai ruwan ɗorawa a haska da shuɗiyar fitila, a ƙirga daƙiƙa nawa danshin ke yi kafin ya tsage. Ƙasa da 10 alama ce ta matsala. Idan gashi da man dare ba su wadatar ba, akwai ɗigon saikulosiforin mai kwantar da kumburi, akwai kuma 'yan mitsitsin matosai da ake sa wa ƙofar da hawaye ke bi ya sauka hanci, don ɗan abin da ido ya samar ya daɗe a kansa. Amma ciwon da ya wuni bai lafa ba, ko gani ya ragu bai washe da ƙiftawa ba, ko aka ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ba a jira ranar da za a samu sarari. A ranar ake zuwa.