Yadda Ake Daidaita Madubban Na'urar Hangen Nesa Kafin Fita Duban Wata

 

A bara wasu ɗalibanmu suka haɗa kuɗi suka sayi na'urar hangen nesa domin duban jinjirin wata. Ranar 29 ga Sha'aban suka ɗaure ta a bayan babur suka fita bayan gari. Da dare suka dawo suna cewa an cuce su, komai dishi-dishi suke gani, taurari ma kowane da ƴar wutsiya. Da muka duba sai muka tarar na'urar lafiyarta ƙalau, gargadar hanya ce ta karkatar da madubbanta. Wannan ya sa na ga ya kamata in yi bayanin gyaran, tunda masallatai da makarantu da dama sun fara mallakar irin wannan na'ura, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun halatta taimakawa da ita wajen ganin wata.

Yadda na'urar take aiki

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a hannun masu koyo ita ce irin wadda Ishaƙ Niyuton ya ƙera a Ingila a shekarar 1668. Ganga ce doguwa mai buɗaɗɗen baki. A gindinta akwai babban madubi mai zurfi kamar faranti, shi ke tattara haske ya mayar da shi wajen bakin gangar. A can sai ƙaramin madubi, wanda ke jingine a kusurwar digiri 45, ya tare hasken ya karkata shi gefe zuwa ɗan bututun da ake sanya gilashin ido. Idan madubban nan biyu da bututun ba su tsaya a kan layi ɗaya ba, hasken ba zai taru a inda ido ke jiransa ba.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke dawowa daga madubi a littafinsa Kitabul Manazir, kuma yana da risala a kan madubban da ke tara hasken rana har su kunna wuta. A nan gargaɗi na farko yake: kada a taɓa fuskantar da na'urar wajen rana. Kallo ɗaya ya isa ya makantar da mutum har abada. Mai duban wata ya jira sai rana ta faɗi gaba ɗaya.

Kayan aiki da shiri

Abin da ake bukata kaɗan ne: sukundireba, da ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida da makanikai ke kira alanki, da murfi mai huda. Wasu na'urorin suna zuwa da murfin. Idan babu, a ɗauki murfin roba da ke rufe bututun dubawa a huda tsakiyarsa daidai, huda ta kimanin milimita 2. Amfaninsa shi ne ya tilasta ido ya tsaya a tsakiya.

A yi aikin da rana a cikin inuwa ko cikin ɗaki, bakin gangar na fuskantar farin bango. A kwantar da gangar, kada a tsayar da ita, domin idan alanki ya suɓuce tana tsaye, kan babban madubi zai faɗa. Kada yatsa ya taɓa fuskar madubi, kuma kada a goge ƙurar hunturu da ƙyalle. Abin da ke ƙyalli a kansa shafe ne na alminiyam, siriri ƙwarai. Ƴar ƙura ba ta hana gani, amma karce ba ya gyaruwa.

Mataki na farko: mazaunin ƙaramin madubi

A cire gilashin ido a sanya murfin, a leƙa. Ya kamata ƙaramin madubi ya bayyana da'ira sosai, a tsakiyar bututun. Sanya farar takarda a cikin gangar, a bayansa, tana taimakawa a ga gefensa. Idan ya yi gaba ko baya, notin da ke tsakiyar mariƙinsa ne ke matsar da shi. Galibi sabuwar na'ura ba ta bukatar wannan, saboda haka in ya yi daidai a bar shi.

Mataki na biyu: karkatar ƙaramin madubi

Kewaye da notin tsakiya akwai ƙananan notuna uku. Da su ake karkata madubin har babban madubi ya bayyana gaba ɗaya a cikinsa, tare da maƙalai ukun da ke riƙe da shi, kowane ana ganinsa daidai da ɗan uwansa. Idan an sassauta ɗaya sai a ɗan ɗaure sauran biyun. A riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana leƙawa.

Mataki na uku: babban madubi

A tsakiyar babban madubi akwai ɗan zobe da masana'anta ke liƙawa. Ba ya ɓata gani, domin yana cikin inuwar ƙaramin madubi. Mai leƙawa zai ga zoben, zai kuma ga hoton hudar murfinsa kamar baƙin ɗigo. Aikin shi ne a shigar da ɗigon cikin tsakiyar zoben. A bayan gangar yawanci akwai notuna shida: uku na kullewa, uku na daidaitawa. A sassauta na kullewa tukuna, sannan a juya na daidaitawa, kowane juyi kada ya wuce rubu'i. Ya fi sauƙi mutum biyu su yi, ɗaya na leƙawa yana faɗa, ɗaya na juyawa. In ɗigo ya shiga zobe sai a mayar da makullan a hankali, domin matse su da ƙarfi yana sake karkata madubin.

Na'ura gajera ta fi doguwa bukatar kulawa. A jikinta ana rubuta lambobi biyu, faɗin madubi da nisan da yake tara haske. Mai 130 da 650, in an raba, ta ba da 5, kuma kuskure kaɗan yana bayyana a cikinta. Mai 150 da 1200 ta ba da 8, ita ta fi haƙuri.

Gwaji da tauraro

Shaidar ƙarshe a sama take. A fitar da na'urar kamar rabin awa kafin a fara, domin madubi ya huce ya yi daidai da iskar waje. A zaɓi tauraro mai haske, a kawo shi tsakiyar fage da gilashin da ya fi girmama abu, sannan a ɗan kauce daga tsantsar gani. Tauraron zai buɗe ya zama zobba da duhu a ciki. Idan duhun na tsakiya, zobban sun kewaye shi daidai, aiki ya yi. Idan ya karkata gefe, a ɗan taɓa notunan babban madubi, a mayar da tauraron tsakiya, a sake dubawa. A yi wannan a daren 27 ko 28 ga wata, domin ranar duba jinjiri ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana. Idan an yi tafiya da na'urar, a sake leƙawa da murfin da zarar an sauke ta.

Amanar shaida

Abu biyu mai duba ya sani. Na farko, wannan na'ura tana juya hoto, saboda haka a tuna cewa ɓangaren jinjiri mai haske a zahiri kullum yana fuskantar inda rana ta faɗi. Na biyu, Zara, wadda Larabawa ke kira Zuhura, a wasu lokuta takan bayyana cikin na'urar da siffar jinjiri, sai dai ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada da wata. Wanda bai saba ba yana iya ruɗuwa, musamman in madubbansa a karkace suke.

Maganar mutum ɗaya a wannan dare tana iya sa gari ya ɗauki azumi ko ya ajiye, kuma mun sha ganin yadda saɓani a kan haka ke raba unguwa ɗaya gida biyu ranar Sallah. Wanda zai tsaya gaban hukumar duban wata ya ce ya gani, wajibi ne ya tabbatar da kayan aikinsa tun kafin ya fita, kuma ya kira na kusa da shi su leƙa su gani. Ina kira ga limamai da su ware ɗalibai biyu ko uku su koyi wannan aiki, su riƙa duban jinjiri kowane wata har idonsu ya saba, kada a jira sai Sha'aban.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya haɗa kanmu a kan gaskiya. Allah Shi ne Mafi sani.