Gargaɗi Na Gaggawa Ga Masu Kula Da Netwok: A Yi Hattara Wajen Sabunta Manhajar Suwic

Ana jan hankalin masu kula da netwok a ofisoshi, makarantu, asibitoci, otal-otal da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, da shugabannin da ke ba su umarni, a kan aikin sabunta manhajar cikin suwic, wato famwaya. Ana nufin suwic mai saiti, irin wanda ake shiga ta adireshin IP a raba VLAN, a buɗe wannan kafa a rufe waccan. Aiki ne na 'yan mintoci, amma idan ya ɓaci yakan tsayar da ma'aikata gaba ɗaya.

Ga inda haɗarin yake: hanyar da kake bi kana ba suwic umarni, ta cikinsa ta ratsa. Da ya karɓi sabuwar manhaja ya sake tashi, hanyar ta yanke. Idan bai dawo ba, kai kuma kana wani gari, ba ka da ta yi. Kyamarorin tsaro, wayoyin ofis da na'urorin Wi-Fi da ke shan wuta daga jikinsa ta PoE duk sun ɗauke tare da shi.

Kada wannan ya sa a daina sabuntawa. A watan Maris na 2018 kamfanin Cisco ya sanar da wata ɓaraka a tsarinsa na Smart Install, cikin Afrilu kuwa masu kutse suka yi amfani da wannan tsari suka goge saitin dubban suwic, musamman a Iran da Rasha. A Oktoba 2023 an sake samun wata a shafin gudanarwa na manhajar Cisco ta IOS XE, aka shiga dubun-dubatar na'urori a duniya. Sabuntawa dole ce. Abin gudu shi ne garin neman gira a rasa ido.

Kafin a taɓa komai

1. A adana saiti, a kuma fitar da kwafinsa. A suwic na Cisco saitin da ke aiki daban, wanda na'ura ke tashi da shi daban. Wanda ya raba VLAN watanni da suka wuce bai buga write memory ba, sake tashin farko zai shafe aikin, sai a ɗora wa sabuwar manhaja laifin da ba nata ba. A kwafe saitin a kan laftof, kada a bar shi a sabar da ba a kai wa gare ta sai ta cikin suwic ɗin.

2. A juya na'urar a karanta takardar da ke manne a jikinta. Lambar samfuri kaɗai ba ta isa ba: a kayan TP-Link, alal misali, akwai V1, V2, V3, kowanne da fayil ɗinsa. A sauke fayil daga shafin kamfanin da ya ƙera, a gwada lambar tantancewarsa ta MD5 ko SHA da wadda kamfanin ya wallafa, domin saukewar da ta katse a hanya takan bar fayil mai giɓi. A karanta bayanin da ke tare da sigar, don wani lokaci ba a tsallakawa daga tsohuwa sosai zuwa sabuwa sai an bi ta tsakiya.

3. A tabbatar da wuta. Ɗaukewar wuta lokacin da na'ura ke rubuta manhaja a ma'ajiyarta na iya hana ta tashi kwata-kwata. A jona suwic da laftof a UPS mai lafiyayyen batir, a kuma gaya wa mai janareta kada ya juya layi sai an ce masa an gama.

4. A tanadi wayar konsol, a gwada ta tun kafin a fara. Da manhajar PuTTY ake shiga. Yawancin suwic na Cisco suna magana a gudun 9600, wasu kamfanoni kuma 115200. Wayar konsol ce kaɗai ƙofar da ba ta dogara da netwok ba.

5. A samu mutum a gaban na'urar, a yi aikin bayan an tashi aiki, ba daren jarrabawa ko ranar biyan albashi ba. Inda suwic suke da yawa, a fara da na can ƙarshen layi, a ƙare da na tsakiya wanda sauran suka rataya a kansa.

6. Masu kayan gwanjo su ƙara lura. A Yuli 2020 kamfanin tsaro na F-Secure ya fitar da bincike a kan jabun Cisco Catalyst 2960-X, kuma asirinsu ya tonu ne lokacin da aka sabunta musu manhaja suka daina aiki.

Idan fayil ya ƙi shiga

Galibi ta TFTP ake tura fayil, shi kuwa yana amfani da kafar UDP 69, wadda katangar tsaron Windows kan toshe ba tare da ta ce uffan ba. A fara da ping daga suwic zuwa laftof. A kashe Wi-Fi na laftof ɗin, a jona shi da kebul a kafar da ke cikin VLAN na gudanarwa, a tabbatar adireshinsu a rukuni ɗaya suke. Tsoffin manhajojin TFTP sukan tsaya cak idan fayil ya kai kimanin megabayit 32. Idan haka ta faru a koma SCP, FTP ko filas na USB. A duba ko da sauran fili a ma'ajiya, amma kada a goge tsohuwar manhaja don samun wuri matuƙar akwai wata dabara.

Lokacin da yake rubutawa

Kada a zare wuta. Shafin burauza zai daskare, fitilu za su yi ta ƙiftawa, wani suwic ma sai ya sake tashi sau biyu yana sabunta sassansa na ciki. Wannan na iya haura minti goma. Mai wayar konsol yana ganin abin da ke gudana layi bayan layi. Marar ita ne zuciyarsa ke raya masa cewa na'ura ta maƙale, ya kai hannu soket.

Idan ya tashi amma ba a samunsa

A bi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da farko a jira: tsohon tsarin Spanning Tree yakan riƙe kafa daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya bari bayanai su wuce. Sannan a jona laftof kai tsaye. Idan ya ɗauki adireshi mai farawa da 169.254, ba ya samun DHCP ke nan, sai a sa masa adireshi da hannu.

Wataƙila suwic ya koma adireshinsa na asali. Ƙananan suwic masu saiti na TP-Link sukan zo da 192.168.0.1, na Netgear 192.168.0.239, na D-Link 10.90.90.90, na MikroTik 192.168.88.1, na Cisco na ƙananan kamfanoni 192.168.1.254. Idan ping yana amsawa amma shafi ba ya buɗewa, mai yiwuwa sabuwar siga ta rufe Telnet ko HTTP. A gwada SSH da HTTPS, a share ajiyar burauza. Idan wasu ofisoshi suna aiki wasu ba sa yi, a duba kafar da ke haɗa suwic da ɗan'uwansa, a ga ko duk VLAN suna wucewa ta cikinta, a kwatanta da kwafin saitin da aka ajiye.

Idan duk wannan bai yi ba, sai konsol. A Catalyst, ganin switch: kaɗai a allo yana nufin na'ura ta kasa samun manhajar da za ta tashi da ita, amma ba ta mutu ba. Ana iya nuna mata tsohuwar, ko a tura sabuwa ta Xmodem, wanda kan ci sa'o'i idan ba a ɗaga gudun zuwa 115200 ba. Yawancin suwic na Netgear da HP suna riƙe manhaja biyu, ana iya komawa kan ɗayar. Maɓallin mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani shi ne na ƙarshe, domin yana goge komai. Wanda bai ajiye kwafi ba zai kwana yana sake gina saiti da ka.

Ga shugabannin ma'aikatu: idan mai kula da netwok ya nemi UPS, wayar konsol da sa'a biyu bayan tashi aiki, a ba shi. Kuɗinsu bai kai asarar yini ɗaya da ofis zai yi a tsaye ba. Duk wanda wannan saƙo ya iske, ya isar da shi ga abokan aikinsa kafin su danna maɓallin sabuntawa.