Ko Kun Sani? Kowace Cuta Tana da Lambarta

A shekarar 1893 aka amince da jerin musabbaban mutuwa da Bafaranshe masanin ƙididdiga Jacques Bertillon ya tsara, wanda shi ne tushen kundin ICD, wato jadawalin da ke bai wa kowace cuta lambarta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948. Idan likita a Faransa da takwaransa a Japan suka shigar da ciwon sukari nau'i na biyu cikin kwamfuta, kowa da harshensa, bugu na 10 na kundin yana mayar da duka biyun E11, ta yadda za a ƙirga su cuta ɗaya. Bugu na 11 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022.