Timgad: Birnin Rumawa da Yashi Ya Adana a Aljeriya

A gindin duwatsun Aures, kimanin kilomita 35 gabas da garin Batna a Aljeriya, akwai kufan wani birni da ake kira Timgad. Sarkin Rum Tirajan ne ya sa aka kafa shi a shekara ta 100 miladiyya, aka zaunar da tsofaffin sojoji da suka ajiye aiki. Ba don saka musu kaɗai aka yi haka ba. Daular na son mutanenta su tare a bakin duwatsun, su sa ido kan ƙabilun Barbar da ba su cika miƙa wuya ba.

Fili aka tarar, don haka magina suka ja igiya yadda suke so. Birnin ya fito murabba'i, kowane gefe kimanin mita 355, tituna sun ratsa juna a miƙe, manyan biyu kuma sun haɗu a bakin dandalin gari. Har yau ana ganin sawun ƙafafun amalanke a kan duwatsun daɓen titi. Ƙofar Tirajan mai tsayin mita 12 tana tsaye a yamma, ga gidan wasan kwaikwayo mai ɗaukar mutum 3,500, ga kasuwa da rumfunanta, ga gidajen wanka birjik.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina yana wajen wannan murabba'i. Ba a daɗe ba birnin ya cika ya tumbatsa, kamar yadda Kano ta tsallake ganuwarta. Sababbin unguwanni ba su bi igiyar kowa ba, tituna suka karkace, har babban ɗakin bautar garin ma a waje aka gina shi, a kaikaice. Cikin gari yana nuna abin da hukuma ta tsara. Bayan gari yana nuna yadda jama'a suka rayu, kuma yawancin jama'ar nan 'yan asalin Afirka ne da suka cuɗanya da baƙi. A cikin murabba'in kuwa, wani attajirin garin, Rogatiyanus, ya ba da kuɗin Rum sestas 400,000 aka gina ɗakin karatu na jama'a. Guraben da ake jera naɗaɗɗun littattafai a bango suna nan, kuma irin wannan gini kaɗan ne ya saura a duk faɗin tsohuwar daular.

A ƙarni na 4 Timgad ta zama cibiyar Kiristoci 'yan ɗariƙar Donatus. Ƙarni na 5 ya zo da mamayar ƙabilar Bandal da hare-haren mutanen duwatsu, birnin ya durƙushe. Rumawan gabas sun dawo a ƙarni na 6, suka kwashi duwatsun gine-ginen suka yi sansani a kudu. Daga baya kowa ya watse, yashi ya rufe wurin.

Wannan yashi shi ya yi masa rana, domin ba a gina wani gari a kansa ba. Baturen Sukotland Jems Burus ya ga kufan a 1765, Faransawa suka fara tono a 1881, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1982. Tun da aka yaye yashin, ruwan sama da iska da ƙafafun maziyarta ke cin duwatsun. Ya kamata malamanmu na tarihi su riƙa koyar da Timgad a babin tarihin Afirka, domin a nan take.