Madam Mai Awo

A takarda, makarantun boko na Nijar suna buɗewa a farkon watan Oktoba. A ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi kuwa, kara ne ke buɗe makaranta. Sai an gama yankan hatsi, an ɗaure damma, an sare kara, sannan iyaye su taru su kafa rumfar da za ta zama aji. Kafin nan wata guda ya tafi, wani lokaci har biyu. Da hadarin farko ya taso a watan Mayu ko Yuni, iska ta yaye rumfar, karatun shekara ya ƙare ke nan. Son ganin yadda ake cusa karatun wata tara cikin shida ko bakwai ne ya kai ni wani ƙauye a gefen Gulbin Kaba, inda goriba da gawo suka fi komai yawa.

Maigari ya karɓe ni da ruwa da fura, ya haɗa ni da yaron da ya raka ni lakwal.

Aji biyu ne na siminti, sauran rumfunan kara. Daraktan ya ce da can manyan ɗalibai ake ba na simintin, saboda su ke fuskantar jarrabawa. Gobarar da ta tashi a wata makaranta a Maradi a watan Nuwamban 2021, wadda ta ci yara sama da 20 cikin azuzuwan kara, ita ta sa suka juya tsarin. A watan Afrilun shekarar ma an yi irinta a Yamai. "Babba in wuta ta kama ya san ƙofa," in ji shi. "Ƙarami kuka zai tsaya yi." A lokacin an ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa sun kai kimanin 36,000 a faɗin ƙasar, don haka babu wanda ke tsammanin siminti ya iso ko'ina gobe.

A ajin 'yan shekarar farko, wato CI, na tarar da abin da ya karkatar da hankalina daga batun kara. Malamar ba ta fara da allo ba. Bin layi take yi tana duba yaran ɗaya bayan ɗaya: ta ɗaga haɓar wannan, ta ja fatar idon wancan, ta taɓa goshin wata, ta tambayi wani, "Ka sha kunu kafin ka fito?" Yaran sun haura saba'in, mafi yawansu a kan buhu suke zaune, amma duk ta zagaye su kafin ta ɗauki alli. Wata yarinya da jikinta ke da zafi ta haɗa ta da yayarta ta ce su wuce likita, su ce ita ta aiko su. Yara suna kiranta Madam. Matan da na wuce a bakin rijiya kuwa cewa suka yi, "Wajen Madam mai awo ka zo?"

Bayan an tashi muka zauna a ƙarƙashin bedi, ta ba ni labari.

'Yar garin Tasawa ce. Tana da takardar BEPC ta gama kwaleji a hannu, tana zaman gida, yunwar 2005 ta auko bayan fari da farin ɗango na daminar 2004. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maradi. Ƙungiyoyin agaji suka cika yankin suna neman 'yan mata masu ɗan karatu da ke jin Hausa da Faransanci. Wani furoje ya ɗauke ta. Aikinta shi ne shiga ƙauyuka da ma'auni da ɗan zaren nan mai kala uku da ake ɗaura wa yaro a damtse. Kore lafiya, rawaya a sa ido, ja kuwa, wato damtsen da bai kai santimita 11.5 ba, sai a tura likita a ba shi tunkuzar gyaɗar nan ta Plumpy'Nut da mata ke kira biskit. Daga baya aikin ya faɗaɗa: tara mata a yi musu bayani kan shayarwa da tsafta, sasanta miji da mata, bin sawun marayu, lallashin uban da ya hana a kai ɗansa likita.

"Malam, ba zan zagi aikin nan ba," in ji ta. "Na ga yaron da uwarsa ta riga ta cire rai ya tashi yana gudu bayan sati shida. Amma kowace damina, da rumbu ya yi ƙasa zazzaɓi ya shigo, sai in ga gidajen bara sun dawo. Ko yaron, ko ƙanensa. Muna ta kwarfar ruwa daga ɗaki, ba wanda ya hau ya toshe rufin."

Sai ta yi shiru, ta gyara mayafi, ta ba ni labarin ranar da ta ce ita ce ta kawo ta aji. A wani ƙauye ne arewa da Mayahi. Wata yarinya da ba ta wuce 15 ba ta zo da goyo, ta saɓa ranar dawowa da sati biyu, jaririn ya koma ja. "Na yi mata faɗa. Na ce ga ranar nan a rubuce a katinki. Ta sunkuyar da kai. Ƙawarta ce ta ce mini ai ta yi lakwal, shekara huɗu ta yi. Na miƙa mata katin na ce karanta mini. Malam, ko sunanta da ke sama ba ta gane ba. Shekara huɗu! Ni da na zo ina wa'azin a sa yara makaranta, ga wadda aka sa."

Ba ta ɓoye mini ɗaya dalilin ba. Aikin furoje na wata shida ne ko shekara, in kuɗin masu bayarwa ya ƙare sai a tattara motoci a yi sallama. Sau da yawa ta zauna a gida tana jiran a sake kira. Tana son aikin da zai daɗe, a wurin da za ta ga ƙarshen abin da ta fara. Ta shiga makarantar horon malamai a Maradi, ta fito malamar kwantiragi a kan jika 75 a wata, abin da ta ce bai kai rabin na furoje ba. Uwar mijinta ta ce mata, "'Yar nan, kin sauka daga mota kin koma rumfar kara? Wa ya yi miki baki?"

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba ta ɗauki tausayinta a matsayin ƙwarewa ba. Ta ce shekararta ta farko asara ce ga yaran. Ta saba da taron mata, inda za ka yi bayani mai daɗi kowa ya gyaɗa kai a watse. Ta yi ta yi wa 'yan shekara shida da bakwai bayani mai daɗi, suna maimaita Faransanci da babbar murya, ta ɗauka karatu ke shiga. Da aka zo ƙarshen shekara ta kira su ɗaya-ɗaya, sai ta tarar haddace allon suka yi. In ta canza wa harafi wuri, shi ke nan ya ɓace musu.

Wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, da ya kusa ritaya ne ya zaunar da ita. Ya nuna mata yadda ake raba aji mai yawa gida-gida, mai ɗan ganewa ya riƙe na bayansa. Ya sa kowane yaro ya zo da ƙwallayen goriba da guntayen kara na lissafi. Ya ce mata kada ta yarda da muryar taro: kowa ya rubuta a allonsa ya ɗaga sama, ta bi da ido. "Ya ce mini, Madam, son yara daban, koya musu karatu daban. Na farkon kin zo da shi. Na biyun sai kin durƙusa kin koya."

Matsalar ba tata ba ce ita kaɗai. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗalibai a ƙasashe 10 na Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na masu gama firamare bai kai matakin karatun da ake so ba. A 2017 aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawa a duk ƙasar, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Ita ta haye, amma ta ce da fitilar hannu ta yi ta bitar nahawu da lissafin 'yan CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, bayan ta kwantar da 'ya'yanta. Ban ga abin kunya a nan ba. Ƙasar da yaranta ke ƙaruwa da sauri irin na Nijar ta buɗe azuzuwa fiye da yadda ta iya horar da malamai, kuma wanda aka tura ƙauye da alli a hannu bai kamata a bar shi da nauyin shi kaɗai ba.

Ga kuma batun harshe. Tun 1973 Nijar ke gwada makarantun da ake fara karatu da harshen gida, kuma a 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na tambaye ta ko hakan ya canza wani abu a ajinta. Ta ce ita dai tun da ta gane kuskurenta da Hausa take buɗe kowane darasi. Abin da take jira shi ne littafi a hannun kowane yaro.

Amma abin da ta zo da shi daga tsohon aikinta, ba a koyar da shi a makarantar horo. In yaro ya yi kwana uku bai zo ba, ba ta aika takarda, da ƙafarta take zuwa. Ta san ba a tare magidanci a gaban mutane a dandali. Ta san a gida da yawa maganar kaka ta fi ta uwa nauyi. Ta san bambancin yaron da aka tura kiwo da wanda ya ƙi zuwa don wandonsa ya yage. A watan Oktoba, kafin a kafa rumfuna, takan tara waɗanda ba su tafi gona ba a ƙarƙashin bedin nan da muke zaune, don kada watan ya tafi a banza.

Ta kai ni wajen wata dattijuwa da ke shugabantar ƙungiyar iyaye mata ta makarantar, kuma ita ke riƙe da akwatin asusun mata. Irin wannan asusu, Mata Masu Dubara, a jihar Maradin nan ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Madam ce ta ba su shawarar su riƙa ware wani abu na alli da kaye, kowane gida kuma ya kawo tiyar hatsi bayan girbi don a dama wa ƙanana kunu a watannin da rumbu ke ƙasa.

"Inna, gaya masa gaskiya, da farko kun ƙi," in ji Madam.

"Mun ƙi mana, 'yata," dattijuwar ta amsa. "Mun ga masu zuwa da mota su rubuta sunayenmu su tafi. Sai da muka ga kin kwana a garin nan, kin ja ruwa a rijiyarmu, kin zo mana gaisuwar mutuwa."

Wannan zama yana da tsada. Ɗaki ɗaya maigari ya ba ta. 'Ya'yanta manya suna Tasawa wajen uwar mijinta, sai ƙarshen sati take ganinsu, in akwai kuɗin kabu-kabu. Ranar karɓar kuɗin wata dole ta bar aji ta tafi gari, in kuma kuɗin ya yi jinkiri sai bashin mai tebur. Daraktan ya gaya mini a gefe cewa tsoronsa kada ta gaji. "Aikin mutum biyu take yi da ladan rabin mutum," in ji shi.

Wurin da aikin nata biyu suka fi haɗuwa shi ne auren 'yan mata. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su kai 18, a jihar Maradi kuwa adadin ya kusa kashi 90. Tun watan Disamban 2017 akwai dokar da ke kare karatun 'ya mace har ta kai 16. Madam ta san dokar, amma ta ce ba da ita take shiga gida ba. "In ka shiga da takarda, uba zai ce to, ka fita, a ɗaura aure a wani gari. Sai ka fara jin abin da yake tsoro. Wani bakin ci yake ragewa. Wani tsoron abin kunya yake, don kwalejin tana da nisa, ba shi da wanda zai riƙe masa ita a can." Ita da Inna sukan je tare, wani lokaci da liman. Akwai gidan da suka samu aka ɗaga auren, yarinyar tana kwaleji yanzu, an samo mata masauki wajen wata gwaggonta.

Akwai kuma gidan da suka rasa. Yarinyar ita ce ta ɗaya a ajinta, tana CM1, saura aji ɗaya ta gama firamare, aka cire ta. Uban ya tafi ci-rani bai aiko da komai ba, kawunta ne ya yanke magana, kuma hatsin sadakin ne ya fitar da gidan daga daminar. Madam ta ce ta yi sawu har ta ji kunyar kanta. Yanzu yarinyar tana da goyo, kuma a ranar awo matan unguwarsu ita suke miƙa wa katunansu ta karanta musu ranar dawowa.

Na ce mata ai ko wannan riba ce. Ba ta karɓa ba.

"Malam, kada ka rubuta shi kamar nasara. Yarinyar nan ita ya kamata ta zauna a kujerar likitar tana rubuta katin. Ƙanwarta tana ajina yanzu, kuma kawun nan yana nan. Saura shekara huɗu ko biyar mu sake zama da shi, na kuwa riga na fara kai masa gaisuwa."