Tsagar Arlit: Karayar da Ta Tara Yuraniyom, da Dalilin Girgizar Ƙasa

Daga Assamaka, garin ƙarshe na Nijar kafin iyakar Aljeriya, zuwa Arlit tafiyar kilomita kamar 200 ce cikin fili fetal, babu tudun kirki balle kwari, sai tsakuwa da rairayi iyakar ganin ido. Manyan motocin da ke ɗauko taliya da madarar gari da dabino daga In Gezzam nan suke bi dare da rana. Dab da shiga Arlit, kowace mota sai ta tsallake wani abu da babu allon da ya nuna shi a bakin hanya: wata doguwar karaya a cikin dutsen da ke ƙarƙashin rairayin, wadda ta miƙe ɗaruruwan kilomitoci daga kudu zuwa arewa, har wajen rijiyar In Azawa da ke kan iyaka. Masana ilimin duwatsu suna kiranta tsagar Arlit da In Azawa.

A kan irin wannan tsaga ne ake girgizar ƙasa a ko'ina cikin duniya. To me ya sa mutanen Arlit da maƙwabciyarta Akokan suke barcinsu lafiya a gefenta, alhali wanda ya bi wannan hanya ta Legas zuwa Aljiyas har ƙarshenta na arewa zai isa garuruwan da girgiza ta rusa ba sau ɗaya ba? Ba a samun amsar sai an san yadda ɓawon duniya yake.

Ƙasa ba dunƙule ɗaya ba ce

Daga inda muke takawa zuwa tsakiyar duniya akwai nisan kilomita 6,371. Abin da ya sandare ya yi tauri a sama bai wuce kaurin kilomita 100 ba a yawancin wurare, ko da yake ƙarƙashin tsofaffin sassan nahiyoyi yakan haura 200. Wannan ɓawo a rarrabe yake, faifai-faifai. Manyan faya-fayan guda bakwai ne, ga ƙanana da dama a tsakaninsu. Ƙarƙashinsu akwai dutse mai tsananin zafi, wanda bai narke ba amma yana da laushin da zai bari a zame a kansa sannu a hankali. Zafin cikin ƙasa, da nauyin tsofaffin gefunan faifai masu nutsewa can ƙasa suna jan sauran, su ne ke tafiyar da su.

Wani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ya fito fili a 1912 ya ce nahiyoyi suna tafiya, ya kafa hujja da yadda gaɓar yammacin Afirka ta dace da ta Kudancin Amurka, da kuma kamannin duwatsu da burbushin halittu a ɓangarorin biyu. Masanan zamaninsa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, domin bai iya nuna abin da ke tura nahiyoyin ba. Sai cikin shekarun 1960, da aka auna ƙasan teku, aka gane cewa a wani dogon jerin tsaunuka da ke tsakiyar Atilantika narkakken dutse na ɓulɓulowa yana zama sabon ɓawo, yana ture Afirka gabas, Amurka yamma. Yau na'urorin GPS suna auna wannan tafiya kai tsaye: tekun na ƙara faɗi da santimita 2 zuwa 4 kowace shekara.

Nijar da Nijeriya suna can tsakiyar faifan Afirka. Gefensa na yamma yana tsakiyar teku, na gabas yana wajen Bahar Maliya da kwarin Habasha, na arewa kuwa yana bakin Bahar Rum, inda Afirka ke cusa kai cikin faifan Turai da Asiya da kimanin milimita 5 a shekara. Mafi yawan girgizar duniya a gefunan faifai take faruwa. Assamaka ta yi wa gefe mafi kusa nisan da ya haura kilomita 1,500.

Tsaga iri uku, kowace da shaidarta

Dutse na karyewa ta hanya uku, gwargwadon yadda ƙarfi ya zo masa, kuma ba sai an je Japan ko Kalifoniya ba kafin a ga misalin kowace.

Idan aka ja ƙasa ta ɓangarori biyu, sai gefe ɗaya na tsagar ya sulale ƙasa. Haka ta faru a gabashin Nijar sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. Jan ya shigo har cikin nahiyar, ya buɗe kwarin Binuwai a Nijeriya, ya buɗe na Termit da na Tefidet a ƙarƙashin Tenere. Ƙasa ta yi ta nutsewa tsakanin tsage-tsage, laka da yashi da gawarwakin ƙananan halittun ruwa suna cike ramin, har kaurinsu ya wuce kilomita 10 a Termit. Rabuwar ba ta kai ga haifar da teku ba, ta tsaya. Amma abin da aka binne ya dahu ya zama man Agadem, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011, wanda kuma bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 ke kaiwa gaɓar Benin tun 2024.

Idan kuwa matsa ƙasa aka yi, sai gefe ɗaya ya hau kan ɗaya. Irin wannan ce ta ɗaga tsaunukan Atlas, kuma ita ke addabar arewacin Aljeriya da Maroko. Ranar Juma'a 10 ga Oktoba 1980, da tsakar rana, wata tsaga ta motsa kusa da El Asnam. Ƙasa ta dare tsawon kilomita sama da 30, a wasu wurare gefe ɗaya ya ɗaga da mitoci da yawa, har ya tare kogin Shelif ruwa ya taru ya zama tafki a kan gonaki. Mutum fiye da 2,500 suka rasu. Garin ya riga ya sha irin wannan a 1954, lokacin ana kiransa Orléansville. Bayan ta 1980 aka sake masa suna zuwa Shlef. Girgizar Bumerdes ta 21 ga Mayu 2003 da ta Al Hauz a Maroko ta 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000, duk daga wannan matsi suka fito.

Ta uku ita ce wadda gefunan ke gogar juna a kwance, wannan ya yi dama, wancan ya yi hagu. Ita ce ta rusa San Faransisko a 1906, ita ce kuma ta girgiza Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023 da ƙarfin maki 7.8, mutum fiye da 50,000 suka riga mu gidan gaskiya. A hotunan da aka ɗauka bayan nan, an ga layin dogo da jerin itatuwan zaitun sun goce da mitoci, rabi nan rabi can. Asalin tsagar Arlit daga wannan dangi yake.

Yadda girgizar take tashi

Mai imani ya san komai da ikon Allah yake faruwa. Aikin masana shi ne bin sababin da Ya sanya. Wanda ya fara warware shi sosai shi ne Harry Reid, Ba'amurken da ya yi nazarin awon filaye na kafin girgizar 1906 da na bayanta. Faya-fayai ba sa tsayawa, amma fuskokin tsaga a manne suke saboda nauyin dutsen da ke danne su. Sai dutsen da ke kewaye ya riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan yana tara ƙarfi. Milimita 5 a shekara ba a bakin komai take ba, amma cikin shekara 1,000 ta zama mita 5. Ranar da ƙarfin da ya taru ya fi ƙarfin mannewar, sai tsagar ta suɓuce, tafiyar ƙarni goma ta auku cikin daƙiƙoƙi.

Daga wurin suɓucewar sai igiyoyin motsi su bazu cikin dutse. Ta farko tana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, takan iso kamar bugu ko rugugi. Ta biyu ta fi ta nawa, amma ita da waɗanda ke bin doron ƙasa su ke jijjiga gini gefe da gefe har ya zube. Ma'aunin da Charles Richter ya ƙirƙiro a 1935, da wanda ya gaje shi, ba sa hawa ɗaya bayan ɗaya kamar awon hatsi: ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32, maki biyu kuwa sau 1,000.

Ke nan samuwar tsaga kaɗai ba ta kawo girgiza. Sai an sami ƙarfin da ke ci gaba da loda mata kaya. A nan Arlit ta bambanta da Shlef.

Tsohuwar karaya da dukiyar da ta tara

Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, yankin nan shi ne bakin daga. Tsohon dunƙulen ƙasar yammacin Afirka ya yi karo da na gabashin Sahara, gutsattsarin ƙasa sama da 20 suka matse a tsakani, suna zamewa a jikin juna kudu da arewa. Tsaunuka suka tashi tun daga Hoggar da Abzin har arewacin Nijeriya, kuma babu shakka an yi girgiza mai tsanani a lokacin da babu ɗan Adam da zai ji ta. Daga baya karon ya mutu, iska da ruwa suka cinye tsaunukan, gefen faifai ya koma can nesa. Tsage-tsagen suka rage, tamkar ƙashin da ya karye aka yi masa ɗori: ya haɗe, ana aiki da shi, amma duk sanda wani nauyi ya zo, nan ne yake fara amsawa.

Tsagar Arlit ta amsa sau da yawa. A wasu zamunna ta goga a kwance, a wasu kuma gefenta na yamma, wato ɓangaren Assamaka, ya nutse, shi ya sa shimfiɗun dutsen yashi suka fi kauri da zurfi ta can. Wannan kwari shi ne Tim Mersoi, reshen babban kwarin Iullemmeden da ya kai har Sakkwato.

Tsakanin shekara miliyan 480 zuwa 400 da suka wuce, narkakken dutse ya taso ta raunanan wurare a Abzin ya bar manyan da'irori na dutse. Ta Meugueur-Meugueur faɗinta ya kai kilomita 65. Irin waɗannan da'irori sun ci gaba da fitowa kudu-kudu, ta Damagaram har Jos, kowace ta kudu ta fi ta arewa ƙuruciya. Duwatsun Abzin da tokar amansu suna ɗauke da yuraniyom kaɗan-kaɗan. Koguna suka kwashe yashinsu zuwa yamma tare da ganyaye da kututturan dazuzzukan wancan zamani, waɗanda wasunsu suka zama gawayin Anu Araren da kamfanin SONICHAR ke ƙonawa don bai wa Arlit da Agadas wuta. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai iskar shaƙa yana narkar da yuraniyom ya tafi da shi. In ya iske ruɓaɓɓen tsiro a cikin dutsen yashi, sai ya sauke shi. Tsagar ita ta tsara inda kogunan suka bi, ita ce kuma hanyar da ruwan ya riƙa hawa da sauka. Shi ya sa in aka duba taswira za a ga ma'adinan sun jeru a gefenta na gabas: ramukan kamfanin SOMAIR da aka fara haƙa a 1971, ramin kamfanin COMINAK na Akuta mai zurfin mita 250, wanda ya ba da tan kusan 75,000 tsakanin 1978 da rufe shi a Maris 2021, sai Imuraren mai nisan kilomita 80 kudu da Arlit. Garin Arlit kansa, da aka kafa a 1969, tsagar ce ta zaɓar masa mazauni.

Alamar cewa cikin ƙasar bai huce sarai ba tana nan a Tafadek, arewa da Agadas, inda ruwan zafi ke fitowa ta tsagin dutse, masu ciwon gaɓoɓi suna zuwa wanka daga nesa.

Tsakiyar faifai ma takan motsa

Nisa da gefen faifai yana rage haɗari matuƙa, amma bai kawar da shi ba. Turin da ke fitowa daga tsakiyar Atilantika yana ratsa nahiyar duka, yana taruwa a tsofaffin tsage-tsage, sai dai a hankali ƙwarai, ta yadda tsakanin motsi da motsi kan ɗauki dubban shekaru. Ranar 22 ga Yuni 1939 girgiza ta kashe mutum 17 a Akara. Ranar 22 ga Disamba 1983 wata mai ƙarfin sama da maki 6 ta afka wa yankin Gawal a arewa maso yammacin Gini, inda ba wanda ya zaci haka, ta hallaka ɗaruruwa. Mutanen Kwoi a Jihar Kaduna sun ji ƙasa ta motsa a Satumba 2016, na Mpape a Abuja kuma a Satumba 2018.

Har yau babu masanin da zai iya faɗin ranar da wata tsaga za ta suɓuce. Duk mai yaɗa irin wannan a WhatsApp ƙarya yake. Abin da ake iyawa shi ne sauraro da auna. Aljeriya na da tashar awo a Tamanrasset, Nijeriya na da cibiya a Toro ta Jihar Bauci, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai sarari mai faɗi da ya cancanci na'urori na dindindin, tare da ɗaliban jami'o'in Yamai da Agadas masu karanta abin da suka rubuta.

Ga mutanen Arlit, babban abin lura game da tsagar ba rushewar gidaje ba ne, ruwa ne. Haƙar shekara 50 ta bar miliyoyin tan na dusar ma'adini mai tururin guba a jibge kusa da gari, kuma ruwan shan garin daga cikin shimfiɗun dutsen yashin nan ake zuƙo shi. Hanyoyin da ruwa ya bi ya tara yuraniyom su ne gurɓataccen ruwa zai iya bi ya isa rijiyoyi. Ko wane ne ke riƙe da ma'adinan, tun da gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAIR a 2025, taswirar tsage-tsagen da sakamakon awon rijiyoyin abubuwa ne da ya kamata hukumar gari da jama'arta su riƙa gani a kai a kai.