Sarkin Yaƙi Muhammadu Abu Ali

Ran 15 ga Janairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya. An zaɓi wannan rana ne domin a cikinta aka gama yaƙin basasa a 1970. Bana da ranar ta zagayo, sai na lura yawancinmu a makaranta ba mu iya kawo sunan soja ko ɗaya da ya mutu dominmu ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalamina in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin ɗaya daga cikinsu, watau Laftanar Kanar Muhammadu Abu Ali.

An haife shi a 1980. Mahaifinsa ma soja ne, shi ne Birgediya Abu Ali wanda ya yi Gwamnan Jihar Bauchi daga 1990 zuwa 1992. Ka ga kyan ɗa ya gaji ubansa. A nan garinmu Kaduna ya koyi aikin soja, a Makarantar Horon Hafsoshi da ke ƙetaren kogi, ya fito hafsa a sashen tankokin yaƙi.

A farkon Janairu na 2015 'yan Boko Haram suka ci garin Baga da ke bakin Tafkin Chadi, suka kashe mutane masu yawa, saura suka watse. Kada wani ya ce Baga nesa take, ba ruwanmu. Bandar kifin da uwata ke sayowa a kasuwar Kakuri, da yawanta daga can ake kawo ta. A watan Fabrairu na wannan shekara sojojinmu suka ƙwato Monguno da Baga, Abu Ali kuwa, yana Manjo, shi ne a gaba da tankokinsa. Saboda wannan jaruntaka aka ƙara masa girma tun lokacinsa bai yi ba. Shugaban sojojin ƙasa na lokacin, Janar Tukur Buratai, shi ya ɗaura masa anini a Gamborun Ngala, a bakin dāga. Sojojinsa kuma suka laƙaba masa Sarkin Yaƙi.

To, amma rai ba ya wuce sa'arsa. Ran 4 ga Nuwamba, 2016, da dare, abokan gaba suka auka wa sansanin soja a Malam Fatori, kan iyakarmu da Nijar. A wannan artabu aka harbe shi, yana da shekara 36. Ya bar mata da 'ya'ya uku. Ran 7 ga wata aka binne shi a maƙabartar soja ta Abuja tare da waɗansu sojoji da suka faɗi tare da shi.

Lokacin ban fi shekara bakwai ba, amma ina tune da yadda mahaifina ya kashe rediyo ya yi tagumi. Ƙanensa ma yana can bakin dāga a lokacin, kurtu ne. Bayan shekara biyu aka aiko mana shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ba a buga hotonsa a jarida ba. Matarsa tana nan unguwarmu tana tuyar ƙosai, da shi take biyan kuɗin makarantar yaranta.

Abin da nake so mu gane ke nan. Barcin da muke yi a ɗakunan kwananmu, da karatun da muke yi cikin kwanciyar rai, wani ne ya saya mana da jininsa. Saboda haka ina roƙon iyayenmu, kowa ya dubi unguwarsa, in akwai marayan soja a taimake shi da littafi ko kuɗin jarrabawa. Mu kuwa ɗalibai, mu riƙe sunayensu.

Allah ya jiƙan Abu Ali da baffana da sauran mazajen da suka kwanta dama, amin.